Wanzami da jarfa: yadda mai sharhin fim zai gwada nasa fim ɗin a gaban 'yan kallo

A watan Yulin 2014 aka fara haska fim ɗin James Rolfe a sinimar Egyptian da ke Hollywood. Rolfe ya yi suna ne a YouTube wajen caccakar tsofaffin wasannin bidiyo marasa kyau, da laƙabin Angry Video Game Nerd, kuma masoyansa ne suka tara masa kuɗin fim ɗin ta shafin Indiegogo, dala dubu 325 da 'yan kai. Zaure ya cika, aka sha tafi da sowa. Da fim ɗin ya fita a intanet a watan Satumba, kowa ya kalla shi kaɗai a ɗakinsa, sai baki ya rabu. Wasu suka ce sun more. Wasu da dama, har cikin masoyan nasa, suka ce ya yi tsawo, ban dariyar kuma ba ta kai ta gajerun bidiyoyinsa ba.

Duk mai tashar sharhin fim da ya ƙuduri yin nasa fim da ɗan kuɗin hannu zai gamu da irin wannan. Tafin da masoya suke yi masa ba ma'aunin fim ɗin ba ne, haka ma zagin da zai biyo baya. Dole ya auna aikin da kansa tun kafin ya rufe tacewa, a gaban mutanen da ba ruwansu da shi. Ga yadda ake yi.

Ka fara sanin su wa za su kalla

Darakta sabon shiga da ba a san shi ba yana da 'yan kallo iri ɗaya: mutanen da suka zo ganin labari. Kai naka kashi uku ne. Akwai masoya, waɗanda suka saba da muryarka shekara da shekaru, wasunsu ma da kuɗinsu a cikin fim ɗin. So hana ganin laifi, musamman a makon farko. Akwai baƙi, waɗanda ba su taɓa jin sunanka ba. Sai masu jiran rana: mabiyan jaruman da ka taɓa kushewa, da masu cewa bari mu ga abin da mai baki zai iya. Su waɗannan tun daga talla suka yanke hukunci.

Baƙi kaɗai ne za su gaya maka ko fim ɗin ya tsaya da ƙafarsa. Masoya amfaninsu daban: su ne za su nuna maka ko ka cika alkawarin da ka yi musu. Kada ka haɗa su a zama ɗaya. Masoyi guda biyar masu dariya da ƙarfi sun isa su ja zaure duka, ka tashi kana zaton fitowar ta yi, alhali dariyar ganin fuskarka suke yi.

Abin da za a nuna

Kada ka kai gwaji sai fim ɗin ya haɗu daga farko har ƙarshe. Launi bai gama gyaruwa ba, ba komai. Inda siddabarun kwamfuta bai kammala ba, sa rubutu a fuskar hoton mai cewa ga abin da zai fito nan. Sauti ne ba a yi wa uzuri. Ɗan kallo yana haƙuri da hoto mai duhu, amma in ya kasa jin magana sau biyu sau uku ya fita daga labarin ke nan, kuma a takarda ba zai rubuta cewa sauti ne ba, zai ce fim ɗin ya gundure shi. Sai ka je kana yanke fitowar da ba ta da laifi. Saboda haka a daidaita ƙarfin maganganu duka tukuna, a rage kiɗa a ƙarƙashinsu, a sa kiɗan wucin gadi inda na ainihi bai iso ba. Ka saurari fim ɗin sau ɗaya ta lasifikar waya kafin ranar, domin a nan mafi yawan mutane za su ji shi daga baya.

A kusurwar hoton a sa ƙaramin agogo mai ƙirga minti da daƙiƙa. Da shi masu lura da 'yan kallo a zaure za su yi aiki.

Haɗa zaure

Kamfanonin Hollywood sukan tara mutum ɗari biyu zuwa ɗari uku ko fiye a irin wannan gwaji. Kai nemi baƙi 40 zuwa 60 a zama na farko. Ka gayyaci fiye da haka da kamar kashi ɗaya cikin uku, don wasu ba za su zo ba. Ba ta tasharka za ka yi gayyatar ba, kuma ba kai za ka yi ta ba. Ba wa mutum biyu ko uku da ba su cikin aikin, su nemo mutane da tambayoyi biyu: kana kallon irin wannan fim? Ka san tashar wane? Wanda ya ce ya sani, a ajiye sunansa don zaman masoya. 'Yan'uwa, abokai, da duk wanda ya taka ƙafa a lokeshan, ba su shiga. A duba shekaru da jinsi su yi kama da waɗanda aka yi fim ɗin dominsu. In fim na matasa ne, kada a cika kujeru da iyayen ma'aikata don an rasa mutane.

Fim mai minti 90, da cika takarda, da tattaunawa, zai ci awa uku. A garuruwanmu safiyar Asabar daga ƙarfe 10 zuwa 1 ta fi dacewa. In ka fara bayan la'asar, magariba za ta yanke maka ƙarshen fim, wurin da ka fi bukatar jin ra'ayi a kansa. Janareto a kai shi nesa da waya mai tsawo, da man da zai kai awa huɗu. A toshe tagogi in da majigi za a haska, amma a bar iska, domin mutumin da zafi ya dama kowane fim tsawo yake yi masa. A karɓi wayoyi a ƙofa da lamba, ko a sa a kashe su. In a Kano ne, tuntuɓi Hukumar Tace Fina-finai ta jihar kafin ka tara jama'a kan fim ɗin da ba ta duba ba, ko da ba tikiti ake sayarwa ba.

Kai kuma kada a ga fuskarka. Wani ne zai tashi ya yi bayani na minti ɗaya: fim ne da ba a gama ba, muna son gaskiya, ba a rubuta suna. Ba a faɗin cewa kuɗi kaɗan aka kashe, ba a ba da labarin wahalar da aka sha. Da ka nemi tausayi, tausayi za a ba ka a madadin ra'ayi. Ka shigo bayan an kashe fitila, ka zauna can baya, ka fita kafin a kunna.

Cikin duhu

Mutum uku su zauna a gefe, hagu da dama da baya, kowa da takarda mai layi ɗaya ga kowane minti. Ba allon za su kalla ba, mutane za su kalla. Su rubuta inda aka yi dariya da yawan masu yin ta, inda aka yi tsit, inda kujeru suka fara ƙara, inda aka fara tari da raɗa, inda wani ya tashi zagayawa. Mutane suna riƙe fitsari in labari ya kama su. Idan mutum huɗu suka tashi tsakanin minti na 38 da na 45, akwai magana a wurin, ko me suka rubuta daga baya.

Dariya iri biyu ce, kuma mai lura ya bambance su. Akwai wadda take zuwa daidai inda ka dasa ta. Akwai wadda take ɓarkewa a tsakiyar fitowar kuka ko ta tsoro, gajera, ana rufe baki. Ta biyun ita ce mafi tsadar bayanin da za ka samu a ranar.

Takardar tambaya

Shafi ɗaya, gaba da baya, a raba ta nan take kafin kowa ya yi magana da na kusa da shi. Tambayoyi biyu na farko su ne waɗanda masana'antar Amurka ta daɗe tana amfani da su. Ta ɗaya, yaya ka ga fim ɗin: ya yi matuƙar kyau, ya yi kyau sosai, ya yi kyau, ba laifi, ko bai yi ba. Ta biyu, za ka ce wa abokinka ya kalla: tabbas, wataƙila, da wuya, ko a'a. Daga nan sai na buɗaɗɗen amsa: ba da labarin fim ɗin a layi biyu, fitowa uku da ka fi so, fitowa uku da ka fi ƙi, ina ne ka rikice, ina ne ka ji ya ja, wane ɗan wasa ne ka damu da abin da zai same shi, yaya ka ga ƙarshen. A ƙasa, shekaru da jinsi, da tambayar ko ya gane wani a cikin 'yan wasan. Wannan ta ƙarshe tana kama masoyan da suka sulale cikin baƙi, sai a ware takardunsu.

Kada ka tambayi abin da ya kamata a gyara. Ɗan kallo ya san inda ya ji ciwo, bai san magani ba. Wanda rubutu ke ba shi wuya a haɗa shi da mai taimako da ba ya cikin aikin, ko ya yi magana a naɗa.

Bayan takarda a riƙe mutum 12 zuwa 15 don tattaunawar minti 25, a haɗa waɗanda suka so da waɗanda ba su so ba. Mai jagora ya fara da ɗaga hannu, sannan ya bi mutum ɗaya ɗaya, kada mai kaifin baki ya mamaye wurin. Inda mata ba za su sake a gaban maza ba, a yi tasu daban da mace mai jagora. Ba a kare fim, ba a bayyana abin da darakta yake nufi. In aka ce ba a gane dalilin da ya sa jaruma ta koma gidan ba, amsar ita ce: to ke me kika ɗauka?

Karanta lissafi

Haɗa amsoshi biyu na sama a tambayar farko, ka fitar da kasonsu cikin ɗari. Sai ka dubi masu cewa tabbas a ta biyu, su kaɗai. Wataƙila a bakin mai kunya a'a ce, kuma mutanenmu da kara, wanda aka ba shi kujera da ruwan sanyi ba ya son rubuta bai yi ba. Don haka ya yi kyau ta tsakiya, ka ɗauke ta a matsayin gaisuwa.

Ka san iyakar lissafinka. Da mutum 50, kason da ka samu zai iya kaucewa da maki 14 sama ko ƙasa. Da mutum 100, kusan maki 10. Da 30, kusan 18. Ke nan in gwajin farko ya ba ka 58, na biyu ya ba ka 64, ba ka da hujjar cewa gyaranka ya yi aiki. Abin dogaro shi ne maimaituwa: fitowar da mutum goma suka ambata ba tare da sun haɗa baki ba, kuma takardun masu lura suka nuna motsi a daidai mintinta. Ƙorafin mutum ɗaya ko biyu ka karanta ka wuce. Sannan ka jera amsoshin ba da labari a layi biyu. In rabin zaure ya ba da labarin da ba shi ka yi niyya ba, matsalar tana cikin minti 15 na farko.

Ka kuma tuna cewa inda aka ji ciwo ba lalle nan cutar take ba. An ce ƙarshe bai gamsar ba, sau da yawa saboda tun farko ba a sa mutane sun damu da jarumin ba ne.

Bayan mako guda ka yi zaman masoya, da takarda iri ɗaya da ƙarin tambaya guda: me ka zo da tsammanin gani? Sai ka ajiye sakamakon biyu gefe da gefe. Duk fitowar da masoya suka sa a cikin ukun da suka fi so, baƙi kuma suka sa ta a inda suka rikice, ka samo ɓarawonka.

Cututtukan da suka fi kama fim ɗin masu sharhi

Na farko barkwancin cikin gida. Doug Walker, mai shirin sharhin fim na Nostalgia Critic, ya tara abokan sharhinsa na shafin Channel Awesome suka yi fina-finai uku a jere: Kickassia a 2010, Suburban Knights a 2011, da To Boldly Flee a 2012. Na ukun ya kai kusan awa uku da rabi, aka sake shi kashi takwas, kuma kowane mai sharhi ya fito ne da halin da aka san shi da shi a tasharsa. Ga mai bin su duka, biki ne. Baƙo kuwa yana ganin mutane sun shigo, an dakata kamar ana jiran tafi, bai san dalili ba. Gwajin mai sauƙi ne: cire fitowar abokin naka, in labari bai girgiza ba, ta tafi cikin ƙarin da za ka ba masu tallafi.

Na biyu, ɓoyewa a bayan wasa. Mutumin da ya shekara goma yana tono kurakuran wasu yana jin tsoron a kama shi yana yi da gaske, sai ya yi fim mai muni da gangan, don in an kushe ya ce ai da ma wasa ne. 'Yan tashar Red Letter Media na birnin Milwaukee, wato Mike Stoklasa da Jay Bauman da Rich Evans, sun ƙware wajen yi wa munanan fina-finai dariya. A Janairun 2016 suka fitar da Space Cop, wanda yake kwaikwayon irin waɗannan fina-finan, bayan shekaru ana ɗaukarsa a tsittsinke. Ƙorafin da ya yi ta fitowa daga masoyansu shi ne, mugun fim yana ba da dariya ne saboda mai shi ya zage da gaske ya kasa. Wanda aka lalata da niyya ba shi da wannan daɗin. A zaurenka alamar ita ce murmushi ba sauti, da amsar babu kowa a tambayar wa ka damu da shi.

Na uku, yawan magana. Sana'arka bayani ce, don haka 'yan wasanka za su riƙa faɗin abin da ya kamata a gani. Kashe sauti ka kalli minti goma. In ba ka iya gane wa yake son me ba, ka rubuta sharhi ne aka ɗauka da kyamara.

Na huɗu, tsawo. Wanda ya saba da bidiyon minti 15 yana da gudun da ba ya kai minti 100. Ga kuma ciwon yanke abin da aka sha wuya a kansa, balle fitowar da aka yi da kuɗin jama'a. Fim ɗin Rolfe ya kusa awa biyu, kuma sharhin wasan da masoya suka daɗe suna roƙo, wanda aka gina labarin a kansa, sai a rubutun ƙarshe ya zo. Nan tambayar me ka zo da tsammanin gani take aikinta.

Gyara, da inda ake tsayawa

Fara da abin da ba ya cin kuɗi: yankewa, sauya jerin fitowa, ƙara jimla ɗaya ta bayan fage inda aka rikice. Sake ɗauka shi ne na ƙarshe, kuma tun a kasafi ka ware masa kamar kashi 10 cikin ɗari, ka kuma yi magana da 'yan wasa kada su sauya aski ko ƙiba kafin a gama gwaji. Chris Stuckmann, mai sharhi daga jihar Ohio, ya tara kusan dala miliyan 1.4 a shafin tara tallafi na Kickstarter a 2022 don fim ɗinsa na tsoro, Shelby Oaks. Kamfanin Neon ya saye shi, aka haska shi a bikin Fantasia na Montreal a Yulin 2024, aka sake ɗaukar wasu wurare aka sake tacewa kafin ya shiga sinima a Oktoban 2025. Duk da haka ra'ayi ya rabu a kansa. Gwaji yana rage ramukan da za a faɗa, ba ya sa kowa ya so fim.

Kada kuma ka miƙa wa takarda ragamar aikin. Bayan gwajin Blade Runner a 1982 aka ɗora masa muryar mai ba da labari da ƙarshe mai daɗi, daga baya daraktansa Ridley Scott ya cire su duka. Ƙa'idar ita ce, in mutane ba su gane ba, gyara. In sun gane amma abin ya dame su, kuma damuwar ita ka nufa, bar shi. Gwaji biyu na baƙi sun isa, uku iyaka, kuma kowanne da sababbin mutane. Wanda ya riga ya san ƙarshe ba zai iya rikicewa a karo na biyu ba.

In tara jama'a ya gagara, YouTube yana ba da damar raba bidiyo na sirri ga adireshin imel na mutanen da ka zaɓa. A buga sunan kowane mai kallo a jikin kwafinsa in ana tsoron fita, a kuma kira shi a waya da ya gama. Sai dai ka rasa motsin zaure, wanda ga fim ɗin ban dariya shi ne rabin bayani.

Bayan fim ya fita

Kwana ukun farko na masoya ne da masu jiran rana. Kada ka yanke komai da su. A shafukan ba fim maki irin su IMDb da Letterboxd, kada ka tsaya a matsakaicin maki, buɗe jadawalin rabonsa. In ya yi tsini a 10 da kuma 1 a ma'aunin IMDb, tsakiya fayau, kai ake jefa wa ƙuri'a, ba fim ɗin ba. Karanta na masu ba da 4 zuwa 7, su ne suka kalla har ƙarshe suka kuma faɗi dalili.

In a YouTube ka saki fim ɗin, jadawalin riƙe 'yan kallo da ke YouTube Studio yana nuna minti da minti inda ake ficewa, bayan kwana ɗaya ko biyu. Raba shi tsakanin masu bin tashar da waɗanda ba sa bi, ka kalli layin na biyun. Faɗuwa a daƙiƙa 30 na farko yawanci laifin take ne da hoton talla, sun yi alkawarin wani abu daban. Gangara a hankali al'ada ce ga dogon bidiyo, musamman inda data take da tsada. Rami mai zurfi a wuri ɗaya shi ne abin dubawa, sai ka gwada shi da takardun masu lura. Tsini kuma ba kullum yabo ba ne, wani lokaci komawa baya aka yi don ba a ji magana ba. Waɗanda suka karɓi fim ɗin a wurin masu tura fim a waya ba za su fito a jadawalin ba sam. Su sai ka aika wani ya zauna a shagon ya ji abin da ake cewa.

Za a yanko tsofaffin maganganunka a jera su kusa da kurakuranka, wannan ba makawa. Kada ka mayar da martani a wata na farko, kada ka ce kuɗi ne ba su isa ba, kada ka tura mabiyanka kan wani mai sharhi. Ba wa wani amintacce aikin karanta abin da ake rubutawa, ya kawo maka shi a shafi ɗaya duk mako: ƙorafi, sau nawa ya fito, daga wane kashi na 'yan kallo. Masu tallafi kuwa hakkinsu daban ne: a aika musu kwafinsu da duk abin da aka yi musu alkawari kafin fim ya isa hannun kowa, a kuma duba rubutun sunayensu sau biyu kafin a rufe tacewa.